Baba Da Jan Famfo

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina rubuta ta ina gogewa, domin duk sanda na karanta sai in ga kamar dariya za a yi min, a ce mace da girmanta, da 'ya'ya biyu, ta zo jarida tana kuka a kan man fetur. To, a yi dariyar. Ni dai na san Asabar bakwai ke nan mahaifina bai tako gidana ba, kuma bakina ne ya jawo.

Sai na fara da aikina kafin ki gane inda na yi ɓarnar. Shekara tara ke nan ina aiki a daffon wani kamfanin mai, inda ake haɗa fetur kafin tankoki su kwashe shi su kai gidajen mai. Mutane suna zaton fetur abu guda ne, ana haƙo shi a zuba a mota. Ba haka ba ne. Ruwa iri-iri ne suke zuwa mana daga matatar mai, wani mai araha mai saurin kamawa da wuta, wani mai tsada mai jure matsi. Mu ne muke auna wannan mu auna wancan, mu haɗa su har su kai lambar da ake so. Lambar ita ake kira oktan, kuma ba ƙarfin mai take nunawa ba, haƙurinsa take nunawa, wato yadda zai jure matsi a cikin inji bai kama da wuta ba sai fulogi ya ba shi izini. In ya riga fulogi, shi ne za ki ji inji yana ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. A gidajen manmu famfo uku ne: kore mai lamba casa'in da ɗaya, rawaya casa'in da uku, ja casa'in da biyar. Amma tanki biyu ne kawai a ƙarƙashin ƙasa, na kore da na ja. Shi rawayan a cikin famfon yake haɗuwa, rabi daga nan rabi daga can. Motar da aka ƙera don ja, ja take so. Wadda aka ƙera don kore kuwa, ko ja za ki yi ta ɗura mata har ta tsufa, ba za ta ƙara gudu ba, ba za ta gode miki ba. Wannan a ranar farko ake koya wa sabon ma'aikaci.

Babana direba ne. Shekara talatin da uku ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya kafin ya yi ritaya, yanzu yana da saba'in da ɗaya. Da kuɗin sallamarsa ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka, wadda 'ya'yana suka raɗa wa suna Gwaggo, saboda ba ta tashi da safe sai ta yi tari uku ta yi 'yar mita. Innata takan ce da Baba yana shafa mata mai yadda yake shafa wa motar nan da yanzu ta koma yarinya. Littafin motar yana nan a cikin aljihun gaba, na taɓa dubawa da idona, kore aka rubuta mata. Allurar ma'aunin manta kuwa ta daɗe da daina faɗin gaskiya, kullum tana tsaye a rabi, ko tanki a cike yake ko a bushe. Baba da kunne da lissafin kai yake sanin abin da ya rage.

Duk ranar Asabar, ƙarfe tara na safe, za ki ji hon sau biyu a ƙofar gidana. Yarana mata biyu, babbar mai shekara takwas da Auta mai biyar, ko takalmi ba sa tsayawa ɗaurewa. Zai kwashe su, su fara biyawa gidan mai, daga nan su wuce bayan shingen filin jirgi su tsaya suna kallon jirage na tashi, ya saya musu lemu, sha biyu ta yi musu a gida. Sai ya shigo kicin ya zauna a kan farar kujerar roba da ke kusa da firji, in haɗa masa shayi, ya ce, Injiniya, ya aiki? Ni ba injiniya ba ce, ilimin sinadarai na karanta, na faɗa masa har na gaji na bar shi. A duniya shi kaɗai ke kirana haka.

Ranar da abin ya faru, an ƙara kuɗin mai tun ran Laraba, kuma ja ya fi kowanne tashi. Baba yana da ƙayyadadden abin da yake ware wa mota duk mako daga fanshonsa, ba ya ƙari ba ya ragi. Sha biyu ta yi ba su dawo ba. Ɗaya ta yi. Na kira wayarsa, Inna ta ɗauka, ta ce ga ta nan a jikin caji inda ya saba barin ta. Anti, babu irin mugun tunanin da bai zo min ba. Na fita titi na dawo ya fi sau goma, maigidana har ya ɗauki mukulli zai bi sawunsu. Sai wajen biyu da rabi Gwaggo ta shigo layinmu. Auta ta fito fuska duk hawaye, babbar tana riƙe da hannunta, Baba kuwa rigarsa sharkaf da gumi, tafin hannunsa baƙi ƙirin, yana haki. Ashe mai ne ya ƙare musu a daidai hawan gada. Ya sauke yaran ya tsayar da su a gefe, ya yi ta tura mota shi kaɗai a cikin rana har wasu bayin Allah suka kama masa, sannan ya taka da yaran zuwa gidan mai ya dawo da galan.

Babbar ce ta tona, ba da wata manufa ba. Ta ce ai ja ne ya yi tsada shi ya sa aka zuba wa Gwaggo kaɗan, kuma Kaka kullum ja yake saya, ko da wasa ba ya tsayawa a kore. Ban taɓa sani ba. Ko sau ɗaya ban taɓa bin su gidan mai ba, ranar Asabar ce kawai nake samun yin wanki da hutawa.

A nan ne kaina ya ɗau zafi. Tsoron awa biyu da rabi ya taru ya fito ta bakina. A ƙofar gida, a gaban mijina, a gaban jikokinsa, ga maƙwabcinmu yana wanke motarsa yana ji, na tsaya na yi wa mahaifina lacca. Na karanto masa duk abin da na rubuta miki a sama, har da ɗaga yatsa. Na ce da kore ya saya da ya kai su gida har da saura. Da na tsaya nan da da sauƙi. Sai na ce, "Baba, shekara da shekaru kana ƙona kuɗinka a banza. Wallahi a ofis dariyar irinku muke yi."

Ya ciro hankici ya goge hannunsa yatsa bayan yatsa, ya shafa kan Auta, sannan ya ce, "To, na ji. Allah ya huci zuciyarki." Bai shiga kicin ba. Ya tayar da Gwaggo ya tafi, shayin da na dafa tun sha ɗaya da rabi ni na zubar da shi da yamma.

Asabar ta zagayo, babu hon. Yaran sun yi shiri tun takwas, suka zauna a dakali har rana ta kore su. Na kira shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi kowa da kowa, ya ce yana ɗan hutawa ne. Haka muke yi har yau. Ba ya fushi, ba ya kashe waya, sai dai tun ranar bai sake ce min Injiniya ba, sunana na yanka yake kira, kamar malamin asibiti yana kiran layi. Inna ta ce ya lulluɓe motar da tamfol ya ɗora duwatsu a gefe. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce ita ba ta shiga tsakanin uba da 'yarsa, mu da muka ɓata mu gyara. A mako na uku na ba maigidana kuɗi a ambulan ya kai masa, na ce na man mota ne. Ya dawo min da ambulan ɗin ko buɗewa ba a yi ba, da ledar lemu, wai na yara.

Har zuwa lokacin, gaskiya, ina ganin ni ce mai gaskiya, kalamaina ne kawai suka yi kauri. Sai makon jiya aiki ya kai ni gidan man unguwarsu, ana duba ko famfunan suna haɗa rawaya daidai. Akwai wani mai zuba mai a wurin, dattijo mai furfura a gemu, Dogo suke ce masa, ya fi shekara ashirin a kan famfon nan. Tun da na sauko yake kallona, can ya matso ya gaishe ni, ya tambaya ko ni ce Injiniya, 'yar mai tsohuwar motar nan ruwan toka. Na ce ina ya san ni? Ya ce ai hotona yana maƙale a jikin abin tare rana na motar, ina sanye da farar riga da hular kwano, kuma babu ma'aikacin gidan man da ba a nuna wa shi ba, har masu gadi. Ya ce duk Asabar in Baba ya tsaya, ba ya faɗin lita, ba ya faɗin launi. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Dogo, zuba min na 'yata."

Anti, sai da na dafa famfo. Dogo bai lura ba, ya ci gaba da zuba labari. Ya ce shi da kansa, shekarun baya, tausayi ya sa ya ja Baba gefe ya faɗa masa cewa motar nan kore ya ishe ta. Baba ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce shekara talatin da uku yana tuƙi, wa zai koya masa abin da inji ke so? Ya ce ya sani sarai, amma 'yarsa ce ke haɗa jan nan da hannunta, ba zai wuce shi ya sha na wasu ba.

A tsaye a wurin abin ya dawo min. Watan farko da na fara aiki, na je gida da zumuɗi, aka ce me nake yi a daffon. Na ɗauko kofuna uku na jera a kan tabarma, na zuba baƙin shayi mai kauri a ɗaya, ruwan zafi a ɗaya, na haɗa su a na uku ina nuna musu yadda ake kai lamba. An sa ni a tanki na huɗu a lokacin, inda ake haɗa ja. Na tuna na bugi ƙirji na ce duk jan da suka gani a garin nan ta hannuna ya bi. Cika baki ne irin na sabon ma'aikaci, ni ko kwana biyu maganar ba ta yi a kaina ba. Baba ya shanye kofin na uku ya ce ya yi daidai. Ashe tun Asabar ɗin da ta biyo baya ya sauya famfo.

Yanzu ga inda abin ya fi ci min rai, wanda ko maigidana ban yi wa bayaninsa sosai ba. Shekara huɗu ke nan rabona da tanki na huɗu. An mayar da ni bene, ofishin da ake tsara farashi. Ban ɓoye don mugunta ba, na dai ce musu an ƙara min girma, ban faɗi sauran ba, domin na ga yadda Baba yake son hular kwanon nan. Wani ne yake haɗa jan yanzu, mutumin da Baba bai taɓa gani ba. Ni aikina shi ne lambobin da ke kan allon farashi na gidajen mai. Kuma na san yadda ake yin su. Gaskiya ne kayan haɗa ja sun fi tsada, amma tazarar da ke tsakaninsa da kore a kan allo ta fi tazarar da ke tsakaninsu a tanki. Sauran ana ɗorawa ne don an san mai sayen ja ba ya cika kallon allo. A ofis in an ga cinikin ja ya tashi, sai a ce masu ciyar da mu sun fito, a yi dariya, har da ni. Ƙarin ran Larabar nan da ya sa man Baba ya ƙare a kan gada, ni na buga shi da yatsuna na tura wa gidajen mai.

Wani abu kuma da Dogo ya faɗa min da zan tafi, wanda na rasa yadda zan fassara shi. Ya ce tun da motar ta daina zuwa, Baba bai daina ba. Duk Asabar da safe yana takowa da ƙafa da ƙaramin galan, ya sayi lita biyu na ja, ya koma. Ya daina cewa komai, famfon kawai yake nunawa da hannu. Na tambayi Inna, ta ce eh, yakan yaye tamfol ya zuba, ya tayar da motar ta yi minti goma tana aiki a tsaye, yana zaune a ciki, sannan ya kashe ya mayar da tamfol. Ni dai na ɗauka nuna min yake yi cewa ban isa in hana shi ba.

Maigidana ya kawo shawara, wai in ba Baba haƙuri in yi shiru da sauran, sannan mu haɗa baki da Dogo ya riƙa zuba masa kore yana cewa ja ne, kowa ya huta. Na kwana biyu ina juya maganar, zuciyata ba ta kwanta da ita ba, amma ban da wadda ta fi ta. In na faɗa masa na bar tanki, ina tsoron in ƙwace masa ɗan abin da ya rage, ya ga shekara huɗu yana sayen man wani bare da sunana. In na yi shiru, zai ci gaba da zuba fanshonsa a ramin da ni nake haƙawa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na tuna 'ya'yana a tsaye a kan gada motoci na wucewa, raina yana ɓaci.

Auta ta daina tambayar ina Kaka, wannan ya fi tambayar ciwo. Kujerar robar tana nan kusa da firji, na hana kowa ɗauke ta. Ina son mahaifina, Anti, kuma ina jin kunyarsa yadda ban taɓa ji ba. Ta ina zan fara?

'Yar Direba

*

Ƙanwata 'Yar Direba,

Babu wanda zai yi miki dariya a nan. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na cire tabarau na goge.

Bari in fara ba ki gaskiyarki, don kina da ita. Uwar da ta yi awa biyu da rabi ba ta san inda 'ya'yanta suke ba, dole ta yi faɗa. Dattijo mai shekara saba'in da ɗaya bai kamata ya tura mota a hawan gada ba, kuma bai kamata ya fita da ƙananan yara wayarsa tana gida a jikin caji ba. Zancen mai ma kin fi ni sani. Don kada in yi miki katsalandan a fagenki, sai da na tambayi bakaniken da ke duba min mota, ya ce maganarki haka take. Ya dai ƙara da cewa wani tsohon injin in datti ya taru a cikinsa yakan so lamba mai ɗan sama, amma kada ki ɗauki wannan ki je da shi a matsayin sulhu. Babanki bai ce Gwaggo na buƙatar ja ba. Ya faɗa wa Dogo dalilinsa, kuma ba na inji ba ne.

Inda kika yi kuskure biyu ne. Kin koya wa direban shekara talatin da uku abin da ya riga ya sani, a gaban surukinsa da jikokinsa. Sannan kin ce masa ana yi masa dariya, kuma kin sa kanki a cikin masu yin ta. Mutum yana iya jure a ce ya yi asara. Abin da ya zaunar da Baba a gida shi ne jin cewa wadda yake yi dominta tana cikin masu dariyar. Ambulan ɗin kuma ƙara gishiri ya yi. Kin ce masa yana ƙona kuɗi, sannan kin aika masa da wasu, ta hannun wanda aka yi abin a gabansa. Da ni ce ma zan dawo da shi, kuma ba lallai in haɗa da lemu ba.

Shawarar maigidanki ki ajiye ta, duk da na san da kyakkyawar niyya ya kawo. Mutumin da yake gane abin da ya rage a tanki da kunne ba za a sauya masa famfo bai gani ba. Za ku jefa Dogo cikin abin da zai iya cin aikinsa, kuma ranar da asiri ya tonu, dariyar da kika faɗa da baki za ta zama ta gaske.

Ki faɗa masa kin bar tanki. Na san kina tsoro, amma ina ganin kin raina abin da yake alfahari da shi. Ba tanki na huɗu ya maƙala a motarsa ba, hotonki ya maƙala. Ki ba shi labarin benen kamar yadda kika ba shi na kofuna uku, har da yadda ake ɗora tazarar, har da cewa ke kika buga ƙarin ran Laraba. Zai yiwu ya yi shiru, zai yiwu ya ji ciwon shekara huɗun nan, ki bar shi ya ji, hakkinsa ne. Ni dai ba zan yi mamaki ba in wata Asabar Dogo ya ga ana nuna wa masu gadi allon farashi ana cewa rubutun Injiniya ne. Amma ki kiyaye tsari: haƙuri tukuna, labari daga baya. Kuma tun da a gaban mijinki da yara kika yi laifin, a gabansu za ki ba da haƙurin. Kada ki haɗa shi da "amma". Ki faɗa masa abin da Dogo ya gaya miki, ki ce ba ki sani ba, ki ce kin gode. Shekara tara yana yi miki abu ba a taɓa ce masa an gode ba.

Shi kuma zancen dariyar ofis, wannan tsakaninki ne da kanki. Ba ke kaɗai ke yanke farashi ba, ban ce ki bar aikinki ba. Sai dai yanzu kin san fuskar ɗaya daga cikin masu ciyar da ku, ina jin dariyar za ta yi miki wuyar fita.

Maganar lafiyar yara ba a barinta, amma ki ɗora laifin inda yake. Ba ja ne ya tsayar da su a kan gada ba, allurar da ke tsaye a rabi ce. Bayan kun shirya, ki roƙe shi ya bari ku kai Gwaggo a gyara mata ma'auni, ki ce don hankalinki ya kwanta ne, kuma ki sa babbar 'yarki ta zama mai tambayar Kaka wayarsa kafin mota ta tashi. Jika tana iya ba kaka umarnin da 'ya ba ta isa ba. Wane famfo zai tsaya a gabansa kuwa, kuɗinsa ne, guminsa ne. In bayan ya ji komai ya koma kore, to. In ya tsaya a rawaya, to. In ya ce ja har gobe, ki ja bakinki ki yi shiru. Mutane suna kashe abin da ya fi wannan a kan abin da bai kai wannan ba.

Saura galan. Kin ce nuna miki yake yi ba ki isa ba. Haba ƙanwata, ke da kika san mota. Wa yake tayar da inji minti goma duk mako? Wanda ba ya son batir ya mutu ne, wanda yake so ranar da aka ce ya fito, mota ta tashi. Mai fushin da ya gama da ke sayar da ita zai yi, ko ya bar ta ta ruɓe a ƙarƙashin tamfol. Kuma ki duba ranar da ya zaɓa, ki duba famfon da yake nunawa. Bakinsa ne kawai ya daina faɗin sunan man.

Don haka Asabar mai zuwa kada ki yi waya, kada ki aika kowa. Ki ajiye wankin. Ki shirya yaran, ki ɗauki maigidanki, ku isa kafin tara, lokacin da yake yaye tamfol. Kuma kada ku je da motarku, ku hau ta haya, ku sallame ta a bakin layi. In an gama gaisuwa da ban haƙuri da kukan da za a yi, dole wani ya mayar da ku gida, kuma mota ɗaya ce a gidan. Lita biyu ba za ta kai ku ba, sai an biya wurin Dogo. Ki zauna a gaba, a ƙarƙashin hotonki, ki bar Baba ya yi magana da kansa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya raya miki yaran. Ki gaishe min da Inna, ta yi hikima da ta bar muku abinku. In kin isa gida, ki ɗora ruwan shayi.

Antinku